Gina Manhaja Ya Yi Sauƙi, Saura Riƙon Amana

Har zuwa ƴan shekarun baya, matashin Damagaram da ke son gina manhajar intanet zaɓi biyu gare shi: ko ya share shekaru yana koyon yaren kwamfuta, ko ya tara kuɗi ya biya gwani a Yamai ko Kano. Yau lamarin ya canza. Da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Replit, Lovable da Bolt, mutum zai rubuta abin da yake so kamar yana aika saƙo, na'ura ta tsara masa shafuka, ta haɗa rumbun ajiye bayanai, ta ba shi adireshin da zai tura wa jama'a ta WhatsApp. A watan Fabrairun 2025, Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin OpenAI, ya bayyana yadda shi kansa yake gina ƙananan manhajoji ta wannan hanya ba tare da ya tsaya karanta abin da na'urar ta rubuta ba.

Muna maraba da wannan sauyi, domin ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe ga yaranmu. Tun da na'ura ta ɗauke wahalar rubutu, abin da ya fi daraja yanzu shi ne sanin matsalar da za a magance, kuma a nan ɗan gari ya fi kowa. Injiniyan da ke zaune a Amurka bai san yadda ɗan kasuwar Dole ke rubuta bashin abokan cinikinsa a littafi ba. Bai san lissafin mai ɗauko kaya daga Kano ta Matamaye, wanda ke saye da naira yana sayarwa da sefa ba. Bai san uwar adashi a Birni ko Zango da ke riƙe zubin mata da yawa a ka ba, balle badukun da ke neman hanyar nuna jakunkunansa ga ƴan uwa mazauna Libiya da Aljeriya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar ƙaramar manhaja mai sauƙi, da Hausa, wadda ba ta cin data. Tun da kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, babu dalilin da zai sa a gina wa mai sayar da gero manhaja da Faransanci zalla.

Amma akwai abin da ya wajaba mu faɗa tun kafin a yi nisa. Manhajar da ta buɗe a waya ta yi kyau a ido ba lalle ne ta kasance amintacciya ba. Waɗannan na'urori suna yin kuskure, kuma wanda bai iya karanta abin da suka rubuta ba zai wuce kuskuren bai gani ba. A watan Yulin 2025, wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Jason Lemkin ya sanar cewa na'urar Replit ta goge masa rumbun bayanai, alhali ya umarce ta da kada ta taɓa komai. An samu dawo da bayanan daga baya, kuma shugaban kamfanin ya amince cewa hakan bai kamata ya faru ba. To, idan wannan ya samu mai kuɗi da masana a kusa da shi, ina ga ɗalibin da ya karɓi jaka ashirin ya gina wa makaranta manhajar sakamakon jarrabawa? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Haɗarin da ya fi yawa shi ne a bar rumbun bayanai a buɗe, ta yadda duk wanda ya san hanya zai kwashe sunaye, lambobin waya da lissafin kuɗin mutane. A gari irin namu da kowa ya san kowa, fallasa bashin magidanci ko bayanin rashin lafiyar wata baiwar Allah ya isa ya raba zumunci. Kuma Nijar tana da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Wanda ya tattara bayanan shi zai amsa tambaya, ba na'ura ba.

Saboda haka shawararmu ga matasa ita ce su shiga wannan fage, amma su fara da abin da ko ya lalace ba zai cuci kowa ba, kamar shafin tallan kaya ko jadawalin farashin kasuwa. Duk manhajar da za ta taɓa kuɗi, lafiya ko sirrin mutane, a kai ta wurin wanda ya san aikin ya duba kafin a sake ta. A riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam. A kuma gaya wa mai ba da aiki gaskiya cewa yawancin waɗannan manhajoji ana biyan su wata-wata da dala, don kada shafinsa ya mutu bayan wata uku yana neman wanda ya gina ba ya ɗaukar waya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Jami'ar André Salifou da cibiyoyin koyar da kwamfuta na gari suna iya shirya gajerun horo kan tsaron bayanai da gwajin manhaja, waɗanda ba sai mai digiri zai shiga ba. Ƴan Damagaram mazauna waje kuma, musamman masu aiki a wannan fanni, awa guda a mako ta duba aikin ƙannensu za ta fi musu amfani a kan kuɗin data kaɗai.

Kasuwancin Damagaram tun zamanin ayarin raƙuma a kan yarda ya tsaya. Matashin da ya gina manhajar da ta riƙe sirrin mutane kuma ya amsa waya ranar da ta samu matsala, shi ne zai samu aiki na biyu.