Allurar Maleriya Ta Iso, Saura Bakin Da Zai Bayyana Ta

A watan Disamba na shekarar 2024 aka fara yi wa yara allurar riga-kafin zazzabin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Labarin ya zo ya wuce kamar kowane labarin ƙaddamar da shiri: jawabin manya, hoton jariri yana tsala kuka a cinyar mahaifiyarsa, shi ke nan. Alhali kuwa a ganina, cikin dukkan binciken ilimin da aka kammala a 'yan shekarun nan, da wuya a sami wanda ya shafi gidajenmu kai tsaye kamar wannan. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutane kimanin 608,000 ne cutar ta kashe a duniya, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na waɗannan mamata 'yan Nijeriya ne, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti a watan Agusta ko Satumba ba ya bukatar a fassara masa waɗannan alƙaluma.

Ya kamata mai karatu ya san tsawon tafiyar da aka yi kafin a kawo nan. Allura ta farko, wadda ake kira RTS,S, tun 1987 aka soma aikinta, amma sai a watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, bayan an fara yi wa yara a Ghana da Kenya da Malawi daga 2019 don a ga yadda za ta kaya a asibitocin yau da kullum. Ta biyu, wato R21, ita ce aka kawo mana. A Jami'ar Oksfod ta Ingila aka ƙirƙiro ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta, sinadarin da ke ƙara mata ƙarfi kuwa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Cile ake tatso shi. Aikinta shi ne ta koya wa jikin yaro ya gane ƙwayar cutar tun lokacin da sauro ya tsarta ta cikin jini, kafin ta isa hanta ta hayayyafa. Abin da ya sa aka daɗe ana fama shi ne, ƙwayar maleriya halitta ce mai rikiɗa, tana sauya kama daga hanta zuwa jini, ba kamar ƙwayar ƙyanda ba.

Inda nake so mu tsaya mu yi tunani shi ne wurin da aka gwada ta. A Nanoro ne, wani gari a Burkina Faso, inda Farfesa Halidou Tinto da abokan aikinsa suka gwada ta a kan yara 450, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2021. Daga nan aka faɗaɗa gwajin zuwa yara wajen 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, aka tarar tana rage kamuwa da cutar da kimanin kashi 75 cikin 100 a wuraren da maleriya ke bin damina kamar namu. Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa binne yara saboda wannan cuta, ba ta cikin babban gwajin R21, ba ta kuma cikin ƙasashe bakwai da aka yi babban gwajin RTS,S. Ba ƙarancin likitoci ko manyan asibitocin koyarwa ya jawo haka ba, domin muna da su a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Abin da Nanoro ke da shi shi ne cibiya da aka yi shekaru ana ginawa, da rajistar gidaje, da ma'aikatan da jama'ar ƙauyuka suka sani, suka kuma amince da su.

Wannan amincewa ita ce muka taɓa rasawa, kuma ba banza muka rasa ta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, wasu suka nakasa. An yi ta jayayya a kan abin da ya kashe su, cuta ko magani, amma babban ƙorafin iyaye shi ne ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Tsakanin nan kuwa, a 2003, aka dakatar da allurar shan-inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da a da sun rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masana halayyar al'umma da suka bi diddigin lamarin, irin su Elisha Renne wadda ta yi aikinta a Zariya ta fitar da littafi a 2010, sun nuna cewa jama'a suna da tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta, alhali maganin zazzabin da ke kashe 'ya'yansu sai sun saya? Da aka saurari irin wannan bincike, aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin, sai al'amari ya sauya, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a 2020.

To, a nan ne sana'ata ta shigo, ni da nake koyar da kimiyyar harshe. Kwanan baya wani abokin aiki daga sashen likitanci ya aiko mini da takardar neman yardar iyaye ta wani bincike nasu, shafi shida da Turanci, ya ce in taimaka in mayar da ita Hausa kafin jibi. Sun yi fiye da shekara suna tsara binciken, sun ware kuɗin man mota da na firji, amma maganar da za a faɗa wa uwar yaro kwana biyu aka ware mata, kuma a matsayin alfarma. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, haka tsarin ya horar da mu duka.

Aikin kuwa ba na kwana biyu ba ne. Ɗauki kalmar “gwaji”. A bakin mai bincike tana nufin tsari mai ƙa'ida da sa-ido, amma a kunnen Bahaushe tana iya nufin a mai da ɗansa zakaran gwajin dafi. A gwajin R21, rukunin yaran da aka kwatanta da su allurar riga-kafin ciwon haukan kare aka yi musu, kuma ƙuri'a ce ke raba wanda zai sami wannan da wanda zai sami waccan, ba tare da uwa ko likitan da ke duba yaron sun sani ba. Yaya za a faɗa wa uwa wannan da Hausar da za ta gane, ta kuma yarda da son ranta, ba don kunyar likita ba? Wannan tambaya ce ta bincike, sai an zauna da mata a tsakar gida an gwada jimloli an ji yadda suka fahimce su.

Kalmar “riga-kafi” ma tana da nata nauyin. Mun saba da allurar ƙyanda, wadda in an yi wa yaro kusan an gama da maganar. Ta maleriya ba haka take ba. Alal misali, in cikin yara 100 da ba a yi wa allura ba 40 za su kwanta a damina, to cikin 100 da aka yi wa, kamar 10 ne za su kwanta. Wannan gagarumar nasara ce a idon mai lissafi, amma uwar ɗaya daga cikin goman nan ba lissafi take gani ba, ɗanta take gani yana rawar ɗari. Sannan a bakin mutanenmu duk zafin jiki “zazzabi” ne ko “masassara”, ko na haƙori ne, ko na taifod, ko na ciwon haƙarƙari. Idan aka shelanta a rediyo cewa an kawo allurar hana zazzabi, an yi alkawarin da babu allurar da za ta iya cika shi, kuma ranar da yaron maƙwabta ya yi zafin jiki bayan allura, labarin zai riga ma'aikacin lafiya isa kowane gida a unguwar.

Haka nan binciken bai ce a ajiye gidan sauro ba. Wani gwaji da aka yi a Burkina Faso da Mali, aka buga a 2021, ya nuna cewa haɗa allurar RTS,S da maganin damina da ake ba yara wata-wata ya rage kamuwa da cutar da kusan kashi 60 cikin 100 fiye da amfani da ɗayansu kawai. Shi ma sauron bai zauna ba: a 2020 an gano a Jihar Gombe wani nau'insa ɗan asalin Asiya, mai son tankunan ruwa na birane. Duk waɗannan sakamako suna nan a mujallu da Turanci, waɗanda ko mu malaman jami'a ba dukkanmu ke buɗe su ba in ba na fanninmu ba ne.

Na san akwai abokan aikina da za su ce wannan aikin 'yan jarida ne da ma'aikatar lafiya, malami nasa shi ne bincike da bugawa. Ban yarda ba. Ɗan jarida ba zai ƙirƙiro kalmar da masana suka ƙi zama su daidaita ba, kuma tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu, wanda ke ƙirga maƙalar da aka buga a ƙetare ya ƙi ƙirga bayanin da aka yi wa al'ummar da aka ɗebi jininta, mu muka rubuta shi, mu ne kuma za mu iya gyara shi. Asusun TETFund, da ke ba da tallafin bincike, yana iya sharɗanta cewa duk binciken da ya shafi jikin mutane ya ware kaso na kuɗinsa don fassara da gwada fassarar, ya kuma koma ya faɗa wa mutanen abin da aka gano da harshensu. Kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitocin koyarwa su ma su daina sa hannu a kan takardar yarda ta Turanci alhali sun san da Hausa ko Fulatanci za a karanta ta.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran wani asusu. Allurar nan sau huɗu ake yin ta a tsarin Nijeriya: a wata biyar, da shida, da bakwai, sannan ta ƙarshe a wata goma sha biyar. Ƙarfin ukun farko yana raguwa, shi ya sa ta huɗun take da muhimmanci, kuma ita ce ta fi sauƙin mantawa, domin tana zuwa ne bayan wata takwas, lokacin da yaro ya fara tafiya, uwa kuma ta ɗauka an gama. Birnin Kebbi na da jami'a, Aliero na da jami'a, Sakkwato na kusa. Ina kira ga sassan Hausa da na nazarin zamantakewa da na likitanci a waɗannan wurare su haɗa ɗalibansu na digiri na biyu, su shiga Argungu da Yawuri da Zuru, su tambayi iyaye mata da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci abin da aka faɗa musu ranar allurar farko, da abin da suka fahimta, da kuma ko sun koma a wata na goma sha biyar.