Doguwar tafiya: Lissafin da fasinja ya kamata ya yi kafin ya hau mota

A ƙarshen watan Mayun 2025 motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙasan gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, alhali saura ƙiris su iso gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta alaƙanta lamarin da gajiyar direba da gudun wuce sa'a bayan tafiyar dare. Waɗannan dalilai su ne ke maimaita kansu a manyan hanyoyin ƙasar nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duk shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba. Ta kuma nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudun mota na ƙara yiwuwar haɗarin da zai ci rai da kusan kashi 4. Shi ya sa doka ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a sa'a a kan babbar hanya, motocin haya 90, tirela da tanka kuwa 60. Tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, amma duk wanda ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san yawancinsu ba sa aiki da ita.

Tushen matsalar na komawa ga aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, direba na neman cike giɓi ta hanyar ƙara lodi, yawaita sawu ba tare da isasshen barci ba, da sayen tayar gwanjo. Fasinja kuma na neman sauƙi, har wasu na hawa saman tirelar da ta ɗauko shanu ko buhunan hatsi. Idan irin wannan mota ta kife, asarar rayuka kan ninka, domin babu kujera, babu bel, babu rufi.

Duk da haka, akwai abin da ke hannun matafiyi. Shiga mota a tasha ya fi tsayar da ita a bakin hanya, domin akwai rajistar sunayen fasinjoji da ƙungiyar da ta san direban. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. FRSC na ɗaukar wadda ta haura shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. Motar da aka cusa mutum biyu a kujerar gaba, ko aka ɗaure but da igiya saboda kaya, ba abar hawa ba ce komai araharta. Mai sayen motar gida kuwa ya fifita lafiyar birki, bel da jakar iska a kan ƙyallin fenti.

Sauran nauyin na wuyan hukuma: kammala gyaran hanyar Abuja zuwa Kano da aka shafe shekaru ana yi, tilasta direba na biyu a tafiyar da ta wuce yini, da hana motar da ta yi lodi fiye da ƙima fita daga tasha. Kafin nan, fasinjan da ya ga direba na gyangyaɗi ko tuƙin ganganci na da haƙƙin tsawatar masa, ko ya kira lambar gaggawa ta 122.