Musayar maziyarta: kasuwar da kowa ya zo da haja, babu mai saye

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet ya san irin shirun da ke biyo bayan makon farko. An sayi sunan shafi, an biya kuɗin wurin ajiya na shekara guda, an kwana ana gyara launi da tsarin rubutu, an ɗora maƙala goma. Da safe mai shafi ya buɗe Google Analytics, ya tarar mutum bakwai ne suka leƙo jiya, uku daga ciki ma shi ne da kansa, sau biyu ta waya sau ɗaya ta kwamfuta. A irin wannan lokacin ne wani a zauren WhatsApp na masu shafuka yake turo masa adireshi ya ce: "Malam, shiga nan ka yi rajista, gobe za ka ga mutum dubu." Kuma bai yi ƙarya ba, gobe lambar za ta nuna dubu. Sai dai a cikin dubun nan da wuya a samu mutum ɗaya da ya karanta layi biyu.

Abin da ake kira musayar maziyarta tsari ne mai sauƙin fahimta. Mutum zai yi rajista a wani dandali, ya saka adireshin shafinsa, sannan ya fara kallon shafukan wasu ɗaya bayan ɗaya. A saman allo akwai agogon da ke ƙirga daƙiƙu, goma ko ashirin ko talatin. Idan agogon ya ƙare, sai ya danna wani hoto don tabbatar da cewa mutum ne, a ba shi maki, a kawo masa shafi na gaba. Da makin da ya tara ne za a nuna nasa shafin ga sauran mambobi. A dandali da yawa, wanda bai biya kuɗi ba sai ya kalli shafi biyu kafin a nuna nasa sau ɗaya, ragowar kuma mai dandalin ya sayar wa masu biya. Akwai kuma nau'i na biyu da ko dannawa babu: a bar burauza ko wata manhaja a buɗe, shafuka su riƙa sauya kansu, mai kwamfutar yana barci ko ya tafi kasuwa.

Lissafin kansa ya isa ya sa mutum ya dakata. A ɗauka agogon daƙiƙa 15 ne, kuma sai an kalli biyu ake samun ɗaya. Ziyara 1,000 na buƙatar kallon shafi 2,000, wato daƙiƙa 30,000, awa takwas da minti ashirin ke nan cur. Idan kowane shafi ya ci megabait biyu, wanda ba abin mamaki ba ne a shafukan yau masu hotuna da tallace-tallace, data ta gigabait huɗu ta tafi. Ga cajin waya, ga man janareta in an ɗauke wuta. Abin da aka ce kyauta ne, da yini guda da kuɗin data aka saye shi.

To, su wa aka sayo da wannan wahalar? Nan ne gizo ke saƙar. Mutumin da aka nuna wa shafin yana zaune ne a wata ƙasa yana yin daidai abin da mai shafin ya yi: idonsa na kan agogo, yatsansa na jiran dannawa. Bai zo neman labarin Kannywood ba, bai zo koyon gyaran waya ba, wataƙila ma bai san akwai wani harshe da ake kira Hausa ba. Shi ma maki yake tarawa don a nuna nasa. Kamar a tara 'yan tireda ɗari a fili guda ne, a ce kowa ya zagaya rumfar ɗan'uwansa ya tsaya minti ɗaya. Da yamma kowa zai iya rantsuwa cewa mutum casa'in da tara sun tsaya a gabansa, aljihu kuwa yadda ya zo da shi haka zai koma.

Tunanin musaya a intanet bai faro a lalace ba. A 1996 Tony Hsieh da Sanjay Madan suka kafa LinkExchange a Amurka, inda ƙananan shafuka ke nuna allon tallan junansu, a nuna na wasu sau biyu a samu a nuna naka sau ɗaya. Microsoft ta saye shi a 1998 kan dala miliyan 265. Abin da ya sa wancan ya yi daraja shi ne masu ganin tallan makaranta ne na gaske, waɗanda suka shigo shafi don wani abu da suke so, tallan ya same su a can. Musayar maziyarta ta ɗauki lissafin biyu-da-ɗaya, ta zubar da makarantan, ta mayar da masu tallan su zama 'yan kallon junansu.

Akwai lokacin da wannan lamba ta bogi take da ɗan amfani, ko da na yaudara ne. Shekaru da yawa masu shafuka na alfahari da matsayinsu a ma'aunin Alexa, wasu masu ba da talla ma suna duba shi kafin su yi ciniki, don haka ana hura shi da irin wannan ziyara. Amazon ta rufe Alexa.com a watan Mayun 2022. Wanda zai ba da talla a yau yana tambayar daga wace ƙasa mutanen suke, minti nawa suke yi, ta ina suka shigo. Shafin Hausa da rabin maziyartansa suka fito daga ƙasashen da ba a jin Hausa, kowa ya yi daƙiƙa goma sha biyar daidai ya fita, ya tona wa kansa asiri tun kafin a fara maganar farashi.

Wasu kuma sun yi imani cewa yawan shigowa zai ɗaga shafi a sakamakon binciken Google. Ziyarar musaya ba ta bi ta akwatin bincike ba, ba wanda ya rubuta tambaya ya zaɓi shafin a cikin sakamako, ba kuma wani shafi mai daraja da ya yi nuni zuwa gare shi. Google ma ta sha faɗa cewa ba ta amfani da bayanan Analytics wajen jera sakamako. Abin da ziyarar ke taɓawa shi ne Analytics ɗin kansa, kuma ɓata shi take yi. A tsarin GA4, wanda ya maye gurbin tsohon a watan Yulin 2023, ziyarar da ta wuce daƙiƙa goma ana lissafa ta a matsayin wadda mai ita ya tsaya ya duba. Ke nan agogon daƙiƙa goma sha biyar na iya sa ziyarar banza ta shiga sahun ta kirki. Ga mai shafi mai son sanin wace maƙala ce ta karɓu, wace ce mutane ke gudu tun daga sakin layi na farko, wannan babbar asara ce. Mutum arba'in na gaske da suka zo daga Facebook su ne za su gaya masa abin da zai rubuta gobe, ya kuma binne su a ƙarƙashin dubu na bogi. Ya fasa madubinsa da hannunsa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne AdSense, domin yawancin masu shiga musayar nan can suka dosa. Dokokin shirin sun fito fili sun hana tura ziyara daga tsarin da ake biyan mutum don ya danna ko ya kalli shafi, da wanda ke sauya shafuka da kansa, da musayar dannawa. Ba sai an taɓa talla ba. Bayyanar tallan kawai a gaban wanda maki ya kawo shi ta isa ta zama ziyara marar inganci, domin mai tallan ya biya ne don a nuna wa mai yiwuwar saye. Kuma Google ta ɗora wa mai shafi alhakin duk ziyarar da ta shigo masa, ko da wani ne ya yi masa alkawarin cewa nasa tsarin "ba ya kamuwa". Hukuncin na farawa da zaftare kuɗi ko taƙaita nuna talla, ya kai ga rufe asusu, a riƙe abin da aka tara a mayar wa masu talla. Wanda ya san wahalar samun amincewa, musamman da yake Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ke karɓa, har wasu ke komawa rubutu da Turanci saboda haka, wanda ya jira wasiƙar lambar tabbatar da adireshi ta gidan waya bayan ya kai dala 10, ya kuma daɗe yana lallaɓawa zuwa dala 100 da ake fara biya, shi ya san abin da ake jefawa cikin wuta. Mutum ɗaya asusu ɗaya aka yarje wa, kuma buɗe sabo da sunan ƙane ko mata ba ya cika ɗorewa, don ana gano alaƙar.

Wannan hukuncin bai tsaya kan manyan dandalin ƙasashen waje ba. Zauren WhatsApp ko Telegram da ake cewa "ka shiga nawa ka danna biyu, in shiga naka" musayar maziyarta ce ta gida, kuma ta fi saurin kamuwa, tunda mutane ashirin ɗin nan ne dai ke zagaya shafuka ashirin ɗin nan kullum, da wayoyinsu da ba sa canzawa. Haka "bi ni in bi ka" a YouTube. Mutum zai iya haɗa mabiya 1,000 ta wannan hanyar, amma awa 4,000 na kallo ba za su fito daga mutanen da ba sa kallo ba, kuma YouTube na share mabiyan da ta gano na bogi ne.

Sai batun lafiyar na'ura, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Mai musaya yana buɗe ɗaruruwan shafukan da bai zaɓa ba, na mutanen da bai sani ba, a dandalin da tantancewarsa ba ta taka kara ta karya ba. Wani bincike da masana kwamfuta suka gabatar a 2016 kan irin waɗannan dandali ya gano fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na adireshin da ke yawo a cikinsu na ɗauke da abin cutarwa. A wayar da ake wannan yawon, a nan manhajar banki take.

Daga ƙirga maki zuwa zuba kuɗi taku ɗaya ne, kuma nan ne tarihin wannan harka ya fi muni. A watan Fabrairun 2006 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari a Amurka ta dakatar da 12DailyPro, wanda ya yi wa mambobi alkawarin kashi 12 cikin ɗari kullum na kwana 12 idan sun kalli shafuka 12 a rana. Ya tara fiye da dala miliyan 50. A 2008 jami'an tsaron Amurka suka dirar wa AdSurfDaily, mai shi Andy Bowdoin daga baya ya amsa laifi aka ɗaure shi. A watan Yulin 2016 kuma SEC ta kai Traffic Monsoon na Charles Scoville kotu. Shi wannan yana sayar da abin da ya kira AdPack kan dala 50: ziyara 1,000 zuwa shafin mai saye, da damar karɓar dala 55 idan yana danna wasu tallace-tallace kullum. Hukumar ta ce an tara dala miliyan 207 daga mutane sama da 160,000, mafi yawansu a wajen Amurka, kuma kusan duk kuɗin shigar kamfanin daga sayar da AdPack ɗin ne. Ma'ana kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi da shi. Wanda ya ga yadda MMM ta daskarar da asusun mutane a Najeriya a watan Disambar wannan shekarar ba ya buƙatar dogon bayani. Ba kowace musayar maziyarta ce ta damfara ba, da yawa maki kawai suke juyawa. Amma da zarar an ce a sayi fakiti a samu riba, ko a kawo mutum uku a hau mataki, maganar tallata shafi ta ƙare.

Masu kare tsarin suna da hujja ɗaya da ta cancanci a saurara. Sukan ce idan abin da mutum ke tallatawa na masu shafuka ne, kamar wurin ajiyar shafi ko wata manhajar talla, to 'yan musaya su ne kasuwarsa, kuma shafi ɗaya mai gajeren saƙo da wurin saka imel na iya kama wasu. Wannan gaskiya ne gwargwado, shi ya sa mafi yawan abin da ke yawo a dandalin tallan wasu dandalin musaya ne da hanyoyin "samun kuɗi a intanet". Maciji ne ke haɗiyar wutsiyarsa. Mai shafin girke-girke, ko na labaran wasanni, ko mai sayar da atamfa da turare, ba shi da abin ɗauka a nan. Wasu kuma sukan ce suna gwada ƙarfin sabarsu ne, su ga ko za ta ɗauki jama'a. Akwai manhajojin da aka yi musamman don wannan aikin, irin su Apache JMeter, kyauta, kuma ba sa taɓa talla.

Awa takwas da minti ashirin ɗin nan, da za a kashe su a wani wajen, sun isa a rubuta maƙala ɗaya da ke amsa tambayar da mutane ke yi da gaske, kamar yadda ake mayar da asusun WhatsApp da aka ƙwace, ko yadda ake gane cajar waya ta jabu. Rubutun Hausa mai inganci a kan irin waɗannan bai yi yawa a intanet ba, don haka gasar ba ta kai ta Turanci zafi ba. Sun isa a yi rajistar shafin a Google Search Console, a tura taswirarsa, a ga ainihin kalmomin da mutane ke rubutawa kafin su iso. Sun isa a rage nauyin hotuna don shafin ya buɗe a wayar da ke fama da raunin sabis, a kuma shiga zaure biyu ko uku na Facebook inda ake tattauna batun, a amsa tambayar wani da kyau kafin a ajiye adireshi. Musaya ma akwai mai kyau: masu shafi biyu da makarantansu suka yi kama, kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa maƙala ko ya gabatar da shi ga mabiyansa. Wannan ya fi kusa da abin da LinkExchange ya fara da shi.

Sakamakon wannan hanyar a watan farko ba zai burge kowa a zaure ba, wataƙila mutum talatin a rana, wataƙila hamsin. A cikinsu ne ake samun wanda zai bar tambaya a ƙarƙashin maƙala, da wanda zai tura ta zauren danginsu, da wanda zai dawo ranar Laraba ya duba ko an ɗora kashi na biyu.