Kafin ka tambayi wane DDNS ya fi, duba ko gidanka na da ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Yau da masu haɗa kyamarorin tsaro nake, da kuma 'yan uwanmu masu ajiye ƙaramar saba a gida, waɗanda kullum musunsu ɗaya ne: No-IP ya fi ko DuckDNS? Wannan musun ɓata lokaci ne ga yawancinmu. Abin da ya fi damuna shi ne ana karɓar kuɗin mutane a kan aikin da tun farko ba zai yiwu ba, a inda ya yiwu kuma ana barin gidajensu a buɗe.

Bari mu fara da abin da DDNS yake yi, domin da yawa masu sa shi ba su taɓa tsayawa sun tambaya ba. Kamfanin da ke ba ka intanet yana ba rautarka lamba, wato adireshin IP, kuma lambar tana canzawa. A ɗauke wuta a dawo da ita, rauta ta sake tashi, sai ka ga wata lambar daban. DDNS suna ne tsayayye da ke bin wannan lambar duk inda ta koma. Wata 'yar manhaja a rautarka ko a sabarka takan leƙa lokaci-lokaci, in ta ga lamba ta canza sai ta sanar da mai riƙe da sunan ya gyara. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya buɗe hanya, ba ya tsare komai, ba ya ɓoye komai. Allon suna ne da aka kafa a bakin layi yana nuna gidan wane.

To ina amfanin allo idan gidan ba shi da ƙofa a bakin titi?

Adireshin IPv4 gaba ɗaya bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma tun watan Fabrairun 2011 babbar hukumar da ke raba su, IANA, ta miƙa ragowar da ke hannunta. Kamfanonin waya ba su da lambar da za su ba kowane layi tasa shi kaɗai, sai suka koma tara kwastomomi masu yawa a bayan lamba ɗaya. Wannan tsarin shi ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna ɗari da ƙofar waje guda, kuma mai gadin bai san sunan kowa ba. Kai kana iya fita ka dawo, amma baƙon da ya zo daga waje yana nemanka a bakin ƙofa zai tsaya. Idan intanet ɗin gidanka daga layin waya yake, ko MiFi ne ko rautar 4G mai cin SIM, kusan tabbas a irin wannan gidan hayar kake. Starlink ma, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a tsarinsa na gida haka yake raba IPv4.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Shiga shafin rautarka ka duba lambar da ke gefen WAN. Sannan ka buɗe kowane shafi da ke nuna maka lambar da duniya ke ganinka da ita. Idan biyun sun bambanta, galibi magana ta ƙare. Idan lambar rautar ta faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, wannan zangon an ware shi ne musamman don CGNAT tun 2012. Idan ta fara da 10, labarin ɗaya ne. A wannan halin ko wane DDNS ka sa, na kyauta ko na kuɗi, sunan zai nuna lambar kamfani ne da kuke rabawa da wasu, kuma buɗe ƙofa a rautarka ba zai kai ko'ina ba. Duk mai haɗa kyamara da ya karɓi kuɗin "saitin kallo daga nesa" ta DDNS bai yi wannan gwajin ba, ko dai bai san aikinsa ba ko ya sani ya yi shiru. Kuma mun san yadda ake ƙarewa: a gwada a cikin falo, waya tana kan Wi-Fi ɗin gidan, hoto ya fito, Alhaji ya biya. Sai ya isa Abuja ya buɗe, babu komai, a ce masa ai netwok ne.

Yanzu a ce kana cikin 'yan tsirarun da ke da lambar waje ta gaske, wataƙila ta layin fayiba ko ta wani tsari da ka biya ƙari. Nan ne tambayar wane DDNS take da ma'ana, kuma amsata ba za ta yi wa masoya kyauta daɗi ba.

Tarihin wannan harka ya isa darasi. Dyn, kamfanin da sunansa DynDNS ya zama kamar sunan abin gaba ɗaya, ya shafe shekaru yana ba da sunaye kyauta. A 2014 ya rufe tsarin kyautar, kowa ya biya ko ya tashi. Rautoci da na'urorin DVR da yawa an ƙera su da DynDNS a cikin jerin zaɓinsu, masu su suka wayi gari sunan da suka haddace ya daina aiki. A ƙarshen watan Yunin wannan shekarar kuma Microsoft ta samo umarnin kotu a Amurka ta karɓe sunayen yanki sama da ashirin na No-IP, bisa hujjar cewa masu yaɗa mugayen manhajoji na amfani da su. Mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba, masu kyamara a shago da masu saba a ɗaki, suka rasa hanyar shiga kayansu na kwanaki kafin a mayar. Laifinsu kawai shi ne sunansu na rataye a ƙarƙashin sunan da ba nasu ba. Har yau kuma sunan kyauta na No-IP sai ka tabbatar da shi duk kwana 30, in ka manta ya tafi. Wa zai tuna? Mai gidan da bai ma san da wane imel aka yi rajistar ba, tunda yaron da ya haɗa masa da nasa ya yi?

DuckDNS ba ya wannan takurawar, kuma don gwaji da koyo ba ni da ja a kansa. Amma aikin sa kai ne, ba ka biya ba, ba wanda ya yi maka alkawari, ranar da ya tsaya ba ka da wanda za ka kira. Sunayen da kamfanonin na'ura ke bayarwa, irin na Synology ko ASUS ko MikroTik, suna da sauƙin saiti, sai dai a ɗaure suke da akwatin. Ka canza rauta, suna ya tafi.

Abin da nake ganin ya dace da duk wanda abin ke da muhimmanci a wurinsa shi ne ya sayi sunan yanki nasa, ko .com ko .ng ko .com.ng, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ya ajiye shi wurin mai kula da DNS da ke ba da damar sabunta lamba ta manhaja, kamar Cloudflare, sannan ya sa ddclient ko abin da ke cikin rautarsa ya riƙa sabuntawa. Ya rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran na'urori ke riƙe tsohuwar amsa, zuwa minti biyar ko ƙasa, saboda a ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya lambarka na iya canzawa sau da yawa a yini. Ranar da mai kula da sunan ya ɓata maka rai, ka kwashe sunanka ka kai wani wuri, ba sai ka bi wayoyin iyali ɗaya bayan ɗaya kana canza saiti ba. Kuɗin shekara ne ƙalilan idan aka kwatanta da abin da aka kashe a kan kyamarorin.

Sai dai duk wannan ƙaramar magana ce a kan wadda ke tafe. Ko da sunan ya yi aiki lafiya lau, me ka buɗe wa duniya?

Al'adar da aka saba ita ce a sa DDNS, a buɗe ƙofa ta 80 ko 8000 ko 554 kai tsaye zuwa DVR, a bar kalmar sirri admin ko 12345. Masu wannan aikin in ka yi magana sai su ce, ni wa ya san ni, wa zai nemi kyamarar wani gida a Hotoro? Ba mutum ne ke zaune yana nemanka ba. Manhajoji ne ke zagaye dukkan adireshin intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, kuma akwai injin bincike irin Shodan da aikinsa ke nan, jera na'urorin da ke buɗe. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya riƙa nuna hotunan dubban kyamarori kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, ɗakunan kwana da shaguna, ba tare da ya fasa komai ba, kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta kawai ya gwada. A Oktoban 2016 Mirai, wadda ta tara rundunarta daga irin waɗannan kyamarori da DVR da jerin kalmomin sirri kusan sittin, ta afka wa Dyn ɗin nan dai, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Masu ajiyar fayil ma ba su tsira ba. A Janairun 2022 DeadBolt ta kulle fayilolin masu akwatunan QNAP da ke fuskantar intanet tana neman kuɗin fansa. A 2021 kuma an gano wata ɓaraka a kyamarorin Hikvision da ke ba mutum iko da na'urar ko bai san kalmar sirri ba, wanda ke nufin kalmar sirri mai ƙarfi ma ba ta isa ba idan ba a sabunta manhajar na'urar. Tsakani da Allah, DVR nawa ne a garuruwanmu aka taɓa sabunta wa manhaja tun ranar da aka kafa su?

Mu kuma a nan abin ya wuce batun fayil. Kyamarar gida tana nuna lokacin da maigida ke fita, motar da yake shiga, ƙarfe nawa yara ke tafiya makaranta, ko mai gadi na barci, da cikin gidan da matan aure ke zirga-zirga. A yanayin tsaron da muke ciki, wanda ya sa kyamara don ya kare iyalinsa sannan aka bar masa ita a buɗe, an sayar masa da kishiyar abin da ya biya.

Wani zai ce to ai shi ya sa muke amfani da manhajar kamfanin kyamarar, a ɗauki hoton lambar QR a gama. Gaskiya ne wannan na ratsa CGNAT, kuma ya fi buɗe ƙofa kai tsaye. Amma hanyar shiga gidanka ta koma hannun sabar wani kamfani da ba ka san inda take ba, kuma ba ta taimaka wa mai son isa ga sabarsa ta fayil ko kwamfutarsa. Idan da asusun mai haɗawar aka yi rajista, shi ma yana kallo duk lokacin da ya ga dama.

Hanyar da nake karewa ita ce kada a buɗe na'ura ko ɗaya ga duniya, a shiga gida ta ramin VPN. Mai lambar waje ta gaske ya sa WireGuard a rautarsa ko a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ya buɗe ƙofa ɗaya tak dominta. WireGuard ba ta amsa wa wanda ba shi da mabuɗi, mai ƙwanƙwasawa ba zai ma san akwai kowa a ciki ba. A nan DDNS ya sami aikinsa na gaskiya, nuna wa wayarka inda ramin yake. Abu ɗaya za a kiyaye: WireGuard takan duba sunan ne lokacin da aka kunna ta, don haka in lambar gida ta canza kana tsakiyar amfani, kashe ka sake kunnawa. Wanda ke bayan CGNAT kuma ya manta da DDNS gaba ɗaya. Tailscale ko ZeroTier za su haɗa wayarsa da sabarsa ba tare da buɗe komai ba, domin na'urorin ne ke fita da kansu su haɗu. Na san za a ce ai Tailscale ma kamfanin wani ne, kuma kyautarsa na iya ƙarewa kamar ta Dyn. Haka ne. Bambancin shi ne ranar da ta ƙare hanya ce za ta rufe, gidanka bai taɓa zama a buɗe ba, kuma wanda bai yarda da kowa ba yana iya hayar ƙaramar saba mai lamba tsayayya ya kafa WireGuard ɗinsa a can, gida da waya duk su same ta.

Ga masu gida da ke shirin kiran mai haɗawa a wannan makon: ka ce ya nuna maka lambar WAN ta rautarka, ya faɗa maka ko ta waje ce. Kowane asusu a buɗe shi da imel ɗinka, kai za ka rubuta kalmar sirrin da hannunka. Ka tambaye shi ƙofa nawa ya buɗe, kuma UPnP a kashe take ko a kunne. Kafin ka biya, kashe Wi-Fi ɗin wayarka ka gwada da datar layinka, yana tsaye a wurin.