Littafin ban dariya ba shirme ba ne: kira ga ƴan Kurfai

Jama'a, akwai maganar da iyaye da malamai ke yawan yi in sun ga yaro riƙe da littafin labarun ban dariya: "Aje wannan shirme, ɗauko kayenka." Ni a ganina, a nan muke yi wa karatu illa ba mu sani ba. Littafin raha ne ke jawo mutum cikin karatu, shi ne kuma ke riƙe shi bayan ya bar benci.

Ku dubi halin da ake ciki a ƙasar Kurfai. Yaro ya yi shekara shida a lakwal, a Filinge ko Shikal ko Tukunus, ya fito yana haɗa baƙi. Mace ta yi watanni a ajin yaƙi da jahilci har ta iya rubuta sunanta. To daga nan fa, me za su karanta? Takardar magani? Littattafan da ke iso mana daga Yamai galibi na jarrabawa ne, cikin faransanci mai nauyi. Karatu kuwa kamar lauje ne, in aka rataye shi tsatsa yake yi. Bayan ƴan shekaru sai ka ji mutum na cewa "wallahi na mance". Ga kuma rashin tsaro da ya sa aka rufe makarantu da dama a jihar Tillaberi, yara na zaune gida, ba mushe ba allo.

Wanda ya wuni a gona ba zai buɗe littafi mai shafi ɗari uku ba. Amma labari mai shafi ɗaya, wanda za a gama kafin shayi na biyu ya nuna a fada, wannan zai karanta. Ya yi dariya, ya karanta wa na kusa da shi, gobe ya nemi na gaba. Ba bulala, ba jarrabawa, ga shi kuwa yana karatu.

Magabata sun gane haka. A shekarun 1930 Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku cike da gajerun labaru da aku ke bayarwa, kuma har yau ana karanta shi a ƙasar Hausa. A Ruwan Bagaja ma, ba wa'azi ne ke hana mutum aje littafin ba, tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke shirya wa juna ce. Nan gida, duk wanda ya kalli wasannin Yazi Dogo a talabijin ya san da wasa ake gaya wa wawa gaskiya.

Mu kuwa ba mu rasa abin rubutawa ba. Kurfayawa, Zabarmawa, Abzinawa da Fulani kasuwa guda suke ci a Dallol Bosso, kuma inda aka haɗu haka ba a rasa barkwanci. Ga taubasantaka: Bafillace da Ba'are, Bagobiri da Bazabarme. A 2014 UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya. Sai dai labarun suna bakin tsofaffi ne, ko cikin saƙon murya na WhatsApp. Tsoho ya rasu, salula ta faɗa rijiya, shi ke nan.

Wani zai ce: ana zaman makoki, kai kana zancen dariya? Gaskiya ne muna cikin jarrabawar Allah. Amma ko a gidan rasuwa taubashi kan shigo ya sa mai kuka murmushi, ba wanda ke cewa ya yi rashin kunya. Yaron da ya baro garinsu da gudu ya fi kowa buƙatar abin da zai sa shi dariya.

Inda ya kamata mu yi hattara shi ne bambancin wasa da cin mutunci. Ƙa'idar taubasantaka a fili take: kowa na dariya, kuma wanda aka tsokana na da damar ramawa. Labarin da ke liƙa wa ƙabila guda sata ko ta'addanci ba raha ba ce, fetur ne a bakin wuta. Ba shi da wuri a littafinmu.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Amma harshen da ba shi da littafin da za a karanta don jin daɗi, matsayinsa a takarda zai tsaya.

Don haka ga shawara. Malamai, ɗalibban jami'ar Abdu Mumuni da ke zuwa hutu, da matasan fada: kowa ya sayi kaye guda, ya zauna gaban kakarsa ko wanzamin garinsu, ya rubuta labari goma. A rubuta su yadda aka faɗe su, da Kurfayancinmu, kada a mayar da su Kananci. Na Zabarmanci da na Tamajak ma a rubuta da harshensu. A tara, a tace, a buga ƙananan littattafai masu arha da za a aje kusa da mai shayi da ƙofar lakwal.

Wa zai fara? Aje mana labarin farko a ƙasa, tare da sunan garinku.