Kada gara ta cinye Sawaba

Ɗan'uwa mai karatu, tambayi ɗanka mine ne Sawaba, ka ji shiru. Jam'iyyar Jibo Bakari ce, mai alamar raƙumi, wadda ta ce wa Faransa "a'a" a ƙuri'ar 1958. An hana ta a 1959. Bayan tashin 1964 aka cika gidajen kaso da mutanenta.

Waɗansu na cewa a bar kaza cikin gashinta. Ba mu yarda ba! Katin jam'iyya da hotuna na cikin akwatunan tsofaffi, gara na ci. Masu tuna waƙoƙin kuwa suna ƙarewa. Kada mu jira Yamai. Kowane gari, daga Damagaram har Tawa, ya ware ɗakin ajiya, a ɗauki muryar dattawa. Kai ma ɗan RDA, kawo naka, tarihin namu ne duka.