Baki ma rariya ne

A ɗakunan haɗa kiɗan zamani akwai na'urar da ake kira matatar sauti. Aikinta irin na rariya ne: a zuba mata amo mai cike da kaɗawa iri-iri, ta tare wasu, ta saki wasu. Wata takan danne siraran sautuka ta bar masu kauri, wata ta yi akasin haka, wata kuma tsakiya kaɗai take bari. Da irin ta farko Robert Moog ya yi suna, musamman a na'urarsa Minimoog ta 1970.

Ɗalibin ilimin harsuna da ya ɗauki wannan a matsayin harkar makaɗa kawai ya yi wa kansa asara. Tun a 1960 Gunnar Fant, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana furuci da wannan tsari: tantanin maƙwallato ke samar da ɗanyen amo, maƙogwaro da baki su tace shi. Mutum na iya riƙe muryarsa a mataki guda ya tashi daga "i" zuwa "a" zuwa "u". Tushen amon bai sauya ba, harshe da leɓɓa ne suka sake wa rariyar siffa. Karin sauti kuwa, wanda ya raba kukan jariri da kukar miya, daga tushen yake fitowa. Sa'a guda ana murza matata ana saurare ta fi haddar mako amfani wajen gane wannan bambanci, kuma manhajar Praat, wadda ake samu kyauta, tana yin aikin.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Layin tarho na gargajiya yana wuce da kaɗawa daga 300 zuwa 3400 a daƙiƙa ne kawai. Karin sauti yakan tsira, domin kunne yana cike gurbin abin da aka yanke a ƙasa, amma "s" takan dushe, saboda yawancin ƙarfinta yana sama da wannan iyaka. Haka ɗalibin da ya naɗo muryar tsohuwa a karkarar Tawa ko Damagaram, ya dawo ya danna maɓallin kawar da hayaniya don faifan ya yi daɗin ji, yana iya share ainihin shaidar da ya je nema. Makaɗi yana tacewa don kyau, ba kuma wanda zai tuhume shi. Mai nazari kuwa wajibi ne ya adana ɗanyen naɗin, ya yi aiki a kan kwafi, ya kuma rubuta a cikin kundinsa abin da ya yanke da inda ya yanke shi.